Mai jifa a Landan, mai danƙo a Tudun Wada

Da na gaya wa Yaya a waya cewa wani yaro ɗan shekara 17 ya ci fam 500,000 a nan Ingila da jifa, sai ya yi shiru, can ya ce, "Jifan me? Shaiɗan?" Na ce a'a, 'yan ƙananan kibau ne guda uku, darts ake ce wa wasan, mutum ya tsaya nisan mita 2.37 daga wani allo mai kamar faifai ya riƙa cilla su a kansa.

Luke Littler ne yaron. A Janairun 2024, yana ɗan shekara 16, ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya a zauren Alexandra Palace da ke Landan, Luke Humphries ya kayar da shi. Da shekara ta zagayo ya dawo ya lallasa Michael van Gerwen da ci 7 da 3 a wasan ƙarshe, ya ɗauki kambin da kuɗin nan. Kafin shi an yi Phil Taylor, wanda ya taɓa aiki a masana'antar tangaran a Stoke, ya kuma ɗauki kambin duniya sau 16.

Kada a raina wasan. Daga maki 501 ake saukowa har sifili, kuma dole jifan ƙarshe ya faɗa siririn zoben da ke ninka maki, ko tsakiyar allon. Ana jifa ana lissafi a ka, dubban mutane na ihu a ƙeya.

Ni kuwa ina kallo ina tuna ɗan Yaya. Na ga yaron nan ya rufe ido ɗaya, ya ja danƙo har kunne, ya tsinko mangwaro ta wuya ba tare da ya fasa shi ba. Ladansa dai rankwashi, wai ya bar allo ya tafi yawo. Saitin hannu ba baƙonmu ba ne a Zazzau, ga 'yan baka nan muna ganinsu duk hawan Sallah. Abin da Littler ya samu shi ne tsani: makarantar koyon jifa a St Helens, gasar yara, sannan ta manya, kowane mataki da alƙali da lada. Namu yaron daga bishiyar mangwaro sai ina?

Sai dai ba duka nake sha'awa ba. Zauren gasar a cike yake da giya, kamfanonin caca ne kan gaba wajen zuba kuɗi. A kwaso wannan a kai Zariya, ni ne farkon mai cewa a'a. Amma allo da kibau uku ba su ci wurin da teburin sunuka ɗaya ke ci a Sabon Gari ba.

Na aika musu da allo ɗaya bara. Yaya ya ce an rataye shi a zaure, kibiya ɗaya ta riga ta ɓata, kuma ya kafa doka: in an ji sallama, kowa ya sauke hannu.