Manomin inabi ma yana da sunansa

Ni ba mashayin giya ba ne, amma wani labari da na karanta kan ƙananan manoman inabi na yankin Shampen na Faransa, inda ake yin giyar shampen, ya taɓa ni a matsayina na ɗan manomi. Kusan kashi 90 cikin 100 na gonakin inabin yankin a hannun manoma suke, amma sunan manyan kamfanonin giya irin su Moët & Chandon duniya ta sani. Manomi ya yi wahala, wani ya kwashe suna da riba.

Shi ya sa nake jinjina wa irin su Anselme Selosse, manomin inabi na ƙauyen Avize a yankin, da ya guji maganin kashe ciyawa, ya koma kula da lafiyar ƙasa tun ana yi masa kallon mai taurin kai. A tuna fa, har cikin shekarun 1990 sharar birnin Faris ake barbaɗawa a gonakin nan a matsayin taki, har yau ana tsintar guntayen leda a ciki!

Abin da marubucin bai faɗa ba shi ne kasadar. Wanda ya rage feshi a yanki mai damshi haka, shekara guda ta ruwa mai yawa na iya cinye masa amfanin gona. Babban kamfani yana da ajiyar giya ta shekaru da zai jingina da ita, ta ƙaramin manomi kuwa ba ta taka kara ta karya ba.