Sarki James na Huɗu ya rushe gidan da bai iya ginawa ba

A 1493 Sarki James na Huɗu na Sikotilan ya tuɓe rawanin John MacDonald, sarkin tsibiran Hebrides da ke yammacin Sikotilan, ya mayar da ƙasarsa ƙarƙashin fada. Mutane da yawa suna lissafa wannan cikin nasarorinsa. Ni ban ga nasara a ciki ba.

John yana da laifi, kuma babba. A 1462 ya ƙulla yarjejeniya a ɓoye da Sarki Edward na Huɗu na Ingila domin a raba Sikotilan, da asiri ya tonu aka ƙwace masa ƙasar Ross da ke arewacin Sikotilan a 1476. Gado ya yi: kakansa Donald ya gwabza yaƙi a Harlaw a 1411 kan wannan ƙasa, mahaifinsa Alexander kuwa ya ƙone garin Inverness a 1429. Babu sarkin da zai naɗe hannu yana kallo.

Amma a dubi abin da aka rushe. A tsibirin Islay akwai tafkin Finlaggan, a cikinsa akwai ɗan tsibirin da ake kira na majalisa. Nan shugabannin dangogi irin su MacLean da MacLeod suke zama da ubangidansu, a saurari ƙara, a sasanta rikicin ƙasa. Jiragen ruwansu masu tafiya da filafilai da ƙarfin iska, waɗanda suke kira birlinn, su ne ke tsare hanyoyin teku. Gidan Beaton ya gaji aikin likitanci, gidan MacMhuirich ya gaji waƙar fada da Gaelic, harshen mutanen tsibiran. Wannan mulki ne mai tsari, wanda mutanensa suka yarda da shi tun zamanin Somerled, kakan gidan MacDonald, wanda ya mutu a 1164.

James ya kawar da majalisar, bai kafa wata ba. Dangogi suka shiga kai wa juna hari, har masu magana da Gaelic suka raɗa wa zamanin suna Linn nan Creach, wato zamanin hare-hare. Gidan Campbell ne ya ci riba, yana aikin fada yana faɗaɗa ƙasarsa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne 1545: jikan John, Donald Dubh, wanda ya ƙarar da mafi yawan rayuwarsa a tsare, ya fito, shugabannin tsibiran suka sake taruwa a bayansa, shekara 52 bayan an ce sarautar ta mutu.

Da fada ta kasa samun biyayyarsu, sai ta juya kan harshensu. Dokokin Iona na 1609 sun tilasta wa manyan tsibiran tura magadansu makarantun kudu su koyi Turanci.