Firijin da ke tashin mutum da dare

A ɗakin gwajin da nake aiki a nan Jamus akwai wani firiji da ke riƙe sanyi digiri 80 ƙasa da sifili. An haɗa shi da wayar wata ma'aikaciya, da zarar sanyin ya fara sauka, ko ƙarfe biyun dare ne, wayar za ta tashe ta, ta taho ta duba. Ranar da aka nuna mini tsarin shiru na yi, don jinin gwajin da na yi wata bakwai ina tarawa a Najeriya, lokacin digirina na biyu, shi ya faɗo mini a rai. An ɗauke wuta kwana uku, man janareta ya ƙare, na buɗe firiji na tarar komai ya narke. Malamina ya dube ni ya ce, "Sai haƙuri, ɗana, a sake." Daga aljihunsa ya ba ni kuɗin sinadaran da na sake farawa da su.

Firijin nan na Jamus, da wutarsa, da albashin matar da ke gadinsa, duk gwamnati ke biya. Jamus na kashe wajen kashi 3 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara kan bincike. Gaskiya ne kaso mafi girma daga kamfanoni yake fitowa, amma su kamfanoni abin da zai shiga kasuwa jibi suke bi. Na gwamnati shi ke zuwa inda ba a san ranar girbi ba. Hukumar DFG mai ba da tallafin bincike, wadda tarayya da jihohi ke zuba wa kuɗi, takan ɗauki nauyin babban aikin haɗin gwiwa a jami'a har shekara 12, kuma masana ne ke tantance wanda ya cancanta.

Wannan dogon haƙuri shi ne abin da nake ganin ya fi komai daraja. A shekarun 1960 wani malamin jami'a a Amurka, Thomas Brock, ya riƙa ɗibar ƙwayoyin halitta daga maɓulɓulan ruwan zafi na Yellowstone da kuɗin gwamnati. Da a majalisa aka karanta takardar neman kuɗinsa, na tabbata an sha dariya. Wajen shekara 20 bayan haka, sinadarin da aka ciro daga ƙwayar da ya gano ya zama ƙashin bayan gwajin PCR, wanda duniya ta dogara da shi lokacin korona. Haka kamfanin BioNTech da ke Mainz, wanda ya ƙirƙiro allurar rigakafin korona: mutane na tuna Yuro miliyan 375 da gwamnatin Jamus ta ba shi a 2020, suna mantawa cewa waɗanda suka kafa shi sun daɗe suna bincike a asibitin jami'ar garin tun ba wanda ya san sunansu.

Mu a gida ba za a ce ba a ba da komai. Gwagwarmayar ASUU ce ta haifar da harajin ilimi a 1993, wanda ya rikiɗe ya zama asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund a 2011, kuma duk jami'ar gwamnati da ka shiga za ka ga aikinsa. Sai dai me kake gani? Gini. Ɗakin taro, ginin majalisar jami'a, katafaren ɗakin gwaji mai sabon fenti. Gini ana yanka masa kyalle, a ɗauki hoto, a rubuta sunan mai girma a bango. Man janareta da albashin mai kula da na'ura ba su da bikin buɗewa. Shi ya sa za ka tarar da na'ura mai tsadar gaske lulluɓe da leda shekara da shekaru, don babu mai kunna ta ko babu abin da za a zuba mata.

Ƙwaƙwalwa kuwa akwai ta. A watan Maris na 2020 cibiyar binciken cututtuka ta ACEGID da ke Ede a Jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ta fara warware tsarin halittar ƙwayar korona a faɗin Afirka. Amma da kuɗin Bankin Duniya da na cibiyar lafiya ta Amurka aka kafa ta. Mai abu shi ke da iko da abinsa: wanda ya biya shi ke zaɓar tambayar da za a bincika, ranar da ya janye kuma aiki ya tsaya, kamar yadda masu bincike da dama a Afirka suka ɗanɗana da Amurka ta datse tallafi a 2025. Cutar sikila, da zaizayar ƙasa, da ƙafewar Tafkin Chadi, wa zai riƙe su shekara goma in ba mu ba?

Na san za a ce ƙasar da miliyoyin yara ba sa zuwa makaranta ina ita ina firiji mai kiran waya. Maganar tana da nauyi. Jamus ɗin ma ba aljanna ba ce, yawancinmu kan kwantiragin shekara biyu ko uku muke, kullum da fargabar ranar ƙarewarsa. Ni dai abin da nake roƙo ƙarami ne: cikin kowane gini biyar a fasa ɗaya, a ajiye kuɗinsa don wuta, da sinadarai, da masu kula da na'urori, a kuma riƙa sakinsa kan lokaci.

Malamin nan nawa ya yi ritaya. Da muka yi waya kwanakin baya, abin da ya fara tambayata shi ne ko zan samo wa ɗalibarsa ta ƙarshe gurbi a nan, don samfuranta ma sun narke.