Agusta 109: jirgin masu rauni ne ko na manya?

Duk wanda ya ga jirgin nan mai saukar ungulu na Agusta 109 a tsaye, zai yi mamakin ƙanƙantarsa. Mutum takwas yake ɗauka har da matuƙi, idan ya tashi kuma sai ya naɗe tayoyinsa ciki kamar kaza ta kwanta kan ƙwai. Ƙirar Italiya ne, ya fara tashi a 1971, kamfanin Leonardo ke ƙera shi yanzu. Injinansa biyu, don haka idan ɗaya ya mutu a sama, ɗayan zai iya lallaɓawa da shi ya sauka.

A 2019 rundunar sojin saman Najeriya ta ƙaddamar da guda biyu samfurin AW109 Power, aka ƙara wasu biyu a Fabrairun 2020. A bikin na biyun ne marigayiya Tolulope Arotile, mace ta farko da ta tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a ƙasar, ta tsaya tana yi wa Shugaba Buhari bayaninsa. An ɗaura wa jirgin bindiga da rokoki, aka tura shi kan 'yan bindiga.

Ban ƙi hakan ba, amma a daina kiran jaki doki. Asalin jirgin nan na jigila ne, ba shi da sulken da jiragen yaƙi irin Mi-35 ko T-129 ɗin Turkiyya ke da shi. Mutanen dajin da ake aika shi wurinsu kuwa, su ne suka harbo jirgin yaƙi na Alpha Jet a Zamfara a Yulin 2021. Wanda ya kakkaɓo jirgi mai gudu irin wannan, ina ga ƙaramin jirgin da ke shawagi ƙasa-ƙasa?

Inda ba shi da na biyu shi ne gaggawa. Sojan da harsashi ya samu a cinya a wajajen Birnin Gwari, jini na zuba, motar da za ta kai shi Kaduna sai ta kwashe sa'o'i a hanyar da ita kanta tarko ce. Jirgin da ke cin kilomita kusan 280 a awa, wanda filin ƙwallon firamare ya ishe shi sauka, zai kai shi gaban likita kafin a idar da sallar la'asar. Aikin ba wasa ba ne, domin a kan irinsa ne jirgin soja mai saukar ungulu Mi-171 ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba a Shiroro a Agustan 2023.

Abin da ke damuna dai shi ne sunan nan da ake kiransa na "mai aiki da yawa". Jirgin da ke iya kowane aiki, a ƙasarmu ƙarshenta aikin mai ƙarfi yake yi. Mutanen Kaduna ba su manta da 15 ga Disamba 2012 ba, ranar da jirgin sojin ruwa, shi ma Agusta 109, ya faɗi a Bayelsa da Gwamna Patrick Yakowa da Janar Andrew Azazi. Daga jana'iza suke dawowa.

Shi ya sa duk lokacin da manyan hafsoshi suka je majalisa kare kasafin kuɗi, nake so wani ɗan majalisa ya bar zancen jirage nawa aka saya. Ya ce a kawo littafin tashin kowane jirgi, a ƙirga: sau nawa ya ɗauko mai rauni daga daji bara, sau nawa ya kai babban mutum taro?