Mu ma a Sudan muna buƙatar intanet na al'umma

Wani labari da na gani na yadda ƙungiyoyin faɗaɗa intanet a duniya irin su Internet Society da APC (Association for Progressive Communications) ke taimaka wa ƙauyuka su kafa intanet nasu ya taɓa ni ƙwarai. Bayan kuɗi, suna koya wa matasan gari ɗaura eriya da haɗa sola da batura, su kuma tsaya musu wajen neman lasisi. Misali, Zenzeleni, hanyar intanet ta al'umma da ke Mankosi, can Afirka ta Kudu, mutanen gari ne ke riƙe da ita.

Mu nan Gadarif mun ɗanɗana kuɗarmu a Fabrairun 2024 da layukan waya da intanet suka ɗauke. Ɗan'uwa ya turo kuɗi daga Jidda, suna cikin Bankak, manhajar banki ta waya, amma ba halin taɓa su, ga yara ba abinci. A wurare da yawa sai dogon layi wajen masu Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, ana biya awa-awa, har da tsofaffi tsugune cikin rana.

Don Allah a dubi Mai Wurno ta jihar Sinnar da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Rana muna da ita, samari masu gyaran waya kuwa ga su nan cike da kasuwa. Lasisin ne zai yi wuya, nan ne muke so ƙungiyoyin su sa baki.