Tiger Moth: jirgin da ya tuɓe kaki ya shiga gona

Jama'a, akwai maganar da nake yawan cin karo da ita wajen masoya tsofaffin jirage, wai an wulaƙanta Tiger Moth bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tunda jirgin da ya yaye matuƙan yaƙi ya koma watsa taki. Ni kam ban yarda ba. A wurina, mafi kyawun aikin da jirgin nan ya yi, ya yi shi ne bayan ya bar soja.

Kamfanin de Havilland na Ingila ne ya ƙera shi, ya fara tashi a watan Oktoban 1931, rundunar sojan saman Birtaniya ta karɓe shi a 1932. Mai kamfanin, Geoffrey de Havilland, mutum ne mai sha'awar ƙwarin nan 'yan'uwan malam-buɗe-littafi da ke kewaya fitila da dare, shi ya sa ya ba jiragensa sunansu, wato Moth da Turanci. Mu ma ba baƙonmu ba ne: jirage uku na farko da suka sauka Kano a 1925, ƙirar DH.9A, daga zanensa suka fito.

Ku dubi hoton jirgin da kyau, za ku ga fukafukansa, na sama da na ƙasa, sun ɗan karkata baya. Ba ado ba ne. Sojoji ne suka ce dole wanda ke kujerar gaba ya iya ficewa da laimar sauka idan ta ɓaci, a tsohon samfurin kuwa fiffiken sama da sandunansa sun tsare shi. Sai aka matsar da fiffiken gaba, aka karkatar da su baya don kada ma'aunin jirgin ya lalace. An kuma kifa injin, kansa ƙasa, domin matuƙi ya ga gabansa. Ƙarfin doki 130 ne kacal. Na Ingila ba birki, ba sitata, da hannu ake juya farfela ya kama. Malami a gaba, ɗalibi a baya, iska na dukan fuska, magana ta cikin bututun roba. Tashinsa ba wuya, amma ba ya rufa wa ɗalibi asiri, ɗan kuskure kaɗan sai ya nuna.

An ƙera fiye da 8,000, har kamfanin motoci na Morris sai da ya shiga aikin, an kuma ƙera shi a Kanada da Ostireliya da New Zealand.

Da yaƙi ya ƙare aka yi gwanjonsu da araha, kuma a nan labarin yake taɓa min zuciya. New Zealand ƙasa ce ta tuddai da tumaki, gangaren da mota ba ta hawa, manomi sai ya saɓi buhu ya watsa da hannu. Daga 1949 sai tsofaffin matuƙan yaƙi suka cire kujerar gaba, suka sa mazubi a gurbinta, suka dinga loda takin sufa, wannan dai sufa da manomanmu suka sani. Abin da yake ɗauka bai fi buhu biyar ba. Ya tashi daga ɗan fili a kan tudu, ya zubar, ya dawo cikin 'yan mintuna a sake lodi, haka har rana ta faɗi. Ciyawa ta yi kyau, garke ya ƙaru. Aikin na da haɗari ƙwarai, jirage da yawa sun faɗi, an yi asarar rayuka, kafin jirage irin Fletcher, masu ɗaukar kaya da yawa, su karɓe shi a shekarun 1950. Don Allah, ina wulaƙanci a nan? Matashin da aka koya wa tuƙi don ya je ya jefa bom, ya dawo da ransa, yana ciyar da iyali da jirgin da ya koya a kai.

Wasu jiragen Tiger Moth sun koma jan jirage marasa inji zuwa sama, wasu koyar da farar hula a ƙungiyoyin tuƙi. A Thruxton ta Ingila har faɗaɗa cikinsa aka yi ya ɗauki mutum huɗu, aka kira shi Jackaroo. Abin da ya ba shi wannan tsawon rai shi ne sauƙin gyara: bututun ƙarfe ne da katako da ƙyalle, makanike mai haƙuri zai iya da shi.

Shi ya sa raina ba ya daɗi idan na ga an rataye shi a gidan tarihi, an goge shi fes, injin ya yi shiru. Na fi son waɗanda har yau suke ɗaukar mutane shawagi a filin jirgin Duxford na Ingila, mai na ɗiga a cikinsu, wani na tsaye a gaba yana juya farfela.