Idan yaro ya tambaye ki aron mahaifa, kada ki ce masa sayo jaririn aka yi

Wata ranar Alhamis bayan la'asar ina zaune tsakar gida nan unguwar Mabera ta Sakkwato ina tsintar shinkafa, sai ɗiyata 'yar shekara bakwai ta zo ta tsuguna gabana, ta ce: "Inna, wai gaskiya ta, macce na iya ba wata macce ajiyar cikinta?" Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Na ce wa ya gaya mata wannan magana, ta tashi ta ba ni wuri. Ta tashi sumui-sumui. Sai da dare ya yi na gano a wayar yayarta ta gani, wani bidiyo na wata mata a Legas tana karɓar jariri daga hannun wadda ta haifa mata shi, ana ta kuka ana rungume juna. Yarinya ta ga abu da idonta, ta kawo wa uwarta, uwar ta kore ta. Laifin nawa ne, shi ya sa na ce bari in yi magana da ku, 'yan'uwana iyaye mata masu ƙananan yara, har da ku maza da kuke ganin wannan zance ne na cikin ɗaki.

Mu dai mun tashi ana ce mana an sayo mana ƙani a asibiti, wasu ma a kasuwa aka ce musu. A lokacin wasa ne, babu wanda ya cutu. Yanzu wasan ya lalace. Yaron yau yana jin rediyo na cewa an kama gidan da ake sayar da jarirai, yana ganin bidiyon matar da ba ta yi ciki ba amma ga ta da goyo, ke kuma kin riga kin shuka masa cewa jariri abin saye ne. Me kike so ya haɗa a kansa? Zai ɗauka duk abu ɗaya ne, kuma ranar da ya gano kin yi masa ƙarya a wannan, ba zai sake kawo miki tambaya mai nauyi ba. Wurin abokai zai kai ta, ko wurin waya. Mun kuma san hadisin matar da ta kira ɗanta ta ce zo in ba ka, Manzon Allah (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Idan alkawarin dabino ya kai haka, ina ga labarin asalin ɗan Adam?

Amma kafin ki ba yaro amsa sai ke kin san abin. Yawancinmu tsawar da muke yi ta rashin sani ce muke rufewa da kunya. Ga yadda yake a taƙaice. Likitoci sukan ɗauki ƙwan mace da maniyyin namiji su haɗa a ɗakin gwaji, bayan kwana 3 zuwa 5 su mayar da abin da ya ƙullu cikin mahaifa. Wannan shi ne dashen ciki, kuma jaririyar farko da aka samu ta wannan hanya an haife ta a Ingila a shekarar 1978. Idan mahaifar matar mai ƙwan aka mayar wa, shi ke nan, cikinta ne. Idan kuwa mahaifar wata mace daban aka saka wa, ta rene shi wata tara ta haifa ta miƙa, shi ne aron mahaifa, ko hayar mahaifa idan da kuɗi a tsakani. Akwai ma wanda ƙwan na mai ɗaukar cikin ne, wanda ya fi rikitarwa. Masu neman wannan hanya galibi mata ne da aka cire wa mahaifa, ko masu yawan ɓari, ko waɗanda likita ya ce ciki zai iya halaka su. Ba duka 'yan gayu ne masu gudun naƙuda ba, kamar yadda ake yaɗawa a gidan biki.

Malamai sun zauna a kan maganar tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta taɓa ba da dama a 1984 idan kishiya ce za ta ɗauki cikin, tun da miji ɗaya ne. Shekara na zagayowa, a 1985, ta janye, saboda kishiyar na iya samun nata cikin daga mijin a daidai lokacin, a rasa gane ɗan wace ce aka haifa. A 1986 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman ta haramta aron mahaifa, ta halatta dashen ciki tsakanin miji da matarsa idan da larura. Tushen hanin shi ne tsare nasaba. Idan kuma abin ya riga ya faru, malamai sun saɓa kan wace ce uwar: wasu sun riƙe ayar Suratul Mujadala da ta ce iyayensu mata su ne waɗanda suka haife su, wasu suka ce mai ƙwan ce uwa, wadda ta ɗauki cikin tana matsayin uwar shayarwa. Kin ga ke nan tambayar da 'yar shekara bakwai ta yi mini, manyan malamai sun yi shekaru suna juya ta. Ni kuwa na ce mata ta tashi ta ba ni wuri.

Ba cewa nake ki zaunar da ɗan shekara huɗu ki karanta masa fatawar Amman ba. Yaro gwargwadon cikinsa ake zuba masa tuwo. Ɗan shekara huɗu ko biyar ya ishe shi ki ce jariri a cikin mace yake girma, a wani wuri da Allah ya yi masa mai suna mahaifa, kuma wasu matan nasu wurin ba shi da lafiya. Idan ya yi shiru ya koma wasansa, ki ƙyale shi, ya ƙoshi. Ɗan bakwai zuwa goma zai ƙara tambaya, sai ki ƙara masa: a wasu wurare likita kan sa jaririn tun yana ɗan mitsitsi a cikin wata mace ta rene shi, amma mu malamanmu sun ce kada a yi, don kada a rikita wace ce uwar yaro. Kuma ki fara da tambayarsa shi me ya ji, a ina ya ji. Sau da yawa abin da ke damunsa ba wanda kike tsoro ba ne. Tawa ɗiyar, da na lallashe ta washegari, ashe tsoronta ɗaya: ko ita ma ajiyarta aka ba ni, wata rana a zo a karɓe ta.

Mu Hausawa ma ba mu da uzurin rasa kalmomi. Wane gida ne a Sakkwato babu ɗan riƙo? Yaranmu sun san wance goggonta ce ke riƙonta amma ga uwarta can Gwadabawa ko Bodinga. Sun san Halimatus Sa'adiyya ta shayar da Annabi (SAW) alhali Nana Aminatu ce ta haife shi, suna rera shi a Islamiyya. Sun san 'yan'uwan shan nono ba sa auren juna. Wato tun suna ƙanana sun saba da cewa mace fiye da ɗaya na iya samun haƙƙi a kan yaro ɗaya, kuma addini ya ba kowace sunanta, bai yarda a ɓoye ba. Zaidu ɗan Harisa a gidan Annabi ya tashi har ana kiran sa ɗan Muhammadu, aya ta sauka a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Daga nan za ki ɗauko zaren, ki nuna masa inda aron mahaifa ya yi kama da waɗannan da inda ya saɓa. Sai dai kada a ce masa ai irin na Saratu da Hajara ne, kamar yadda na ji wata ta faɗa. Hajara ita ce uwar Annabi Isma'il ta kowace fuska, ba ajiya aka ba ta ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne bakinmu. Mukan faɗi hukunci da zafin da yaro zai ɗauka jaririn ne abin ƙyama. Yaran nan makarantar boko suke zuwa tare da 'ya'yan mutane iri-iri, wasu za su tafi Abuja, wasu ƙasar waje. Wata rana ɗanki zai zauna benci ɗaya da yaron da aka haifa ta wannan hanya. Idan abin da ya ji a bakinki shi ne "ɗan haya" ko abin da ya fi wannan muni, shi zai maimaita a filin wasa, kuma alhakin yana wuyanki. Yaron bai zaɓi cikin da zai kwanta ba, Alƙur'ani kuma ya ce babu rai da ke ɗaukar laifin wani rai. Haka matar da ta shekara goma sha biyar tana jiran haihuwa, dangin miji na yi mata habaici a kowane suna. Kina iya gaya wa ɗanki hanyar ba ta halatta ba, ba tare da kin koya masa raina hawayenta ba. Sau nawa mu da kanmu muke tura irin waɗannan matan bango da gorin "juya"?

Ku kuma iyaye maza, ku daina cewa "je ka tambayi uwarka" kuna ficewa majalisa. Shehu Usmanu ya yi faɗa sosai da malaman da suke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu cikin duhu, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis, wato malamai mata da ta karantar, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. A garinsu muke zaune.

Da na gama yi wa ɗiyata bayani, na ɗauko mata hoton ranar sunanta, na nuna mata tabon aikin da aka yi mini aka ciro ta. Ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa ta taɓa. Sai ta ce: "To Inna, ita waccan da ta ba da jaririn, ba ta kewa tai?" Na ce mata ina jin tana yi. Ta ce to za ta sa ta cikin addu'a in ta yi sallar magariba, ta ɗauki tsintsiya ta fita.